Abin da Kirista Yake Jira a Bakin Kabari

Kwana 46 kafin bikin Ista, a ranar da ake kira Larabar Toka, mabiya ɗarikar Katolika da Angalika da wasu ikilisiyoyi sukan yi layi a coci, babba da yaro, limami yana shafa wa kowa toka a goshi yana tuna masa cewa daga turɓaya aka yi shi kuma cikinta zai koma. Tokar ta rassan dabino ce da aka yi bikin Lahadin Dabino da su a bara, aka adana aka ƙona. Al'adar ta daɗe ƙwarai, domin tun a 1091 Paparoma Urban na Biyu ya yi kira a riƙa yi wa dukan masu bi a wani taron majami'a da aka yi a Benebento ta ƙasar Italiya. A Kaduna da Jos da Yola za ka ga ma'aikaci a ofis ko 'yar kasuwa a rumfarta da wannan baƙin tabo a goshi har yamma, ba su goge ba. Akwai masu ganin cewa begen tashin matattu wata dabara ce ta kau da kai daga mutuwa, wato mutum ya ƙirƙiro wa kansa labari mai daɗi don kada tsoro ya cinye shi. Ni dai ina ganin shaidar da ke gabanmu ta nuna akasin haka. Wannan begen ne yake ba Kirista ƙarfin halin kallon mutuwa ido da ido ba tare da ya yi mata kwaskwarima ba, kuma tun da yake bege ne da ya shafi jiki, yana ɗora wa mai shi nauyi mai yawa tun a nan duniya.

Littafi Mai Tsarki ba ya sassauta magana a kan ƙarshen ɗan Adam. Zabura ta 90 ta ƙiyasta kwanakin mutum da shekara 70, ko 80 ga mai ƙarfi, ta ce yawancinsu ma wahala ce. Littafin Mai Wa'azi ya fifita zuwa gidan makoki a kan zuwa gidan biki, don a gidan makoki ne mai rai yake ganin inda ya dosa. Bahaushe ba baƙon wannan tunani ba ne, shi da ya ce mutuwa rigar kowa. Inda koyarwar Kirista ta ƙara wani abu shi ne ta ƙi ɗaukar mutuwa a matsayin aminiya. Manzo Bulus ya kira ta abokiyar gaba, ta ƙarshen da za a hallaka. Wani malamin tauhidi mai suna Oscar Cullmann ya fito da wannan fili a wata lacca da ya gabatar a Jami'ar Harvard a 1955, inda ya jera mutuwa biyu. Ta farko ta Sokiratis ce, masanin falsafar Girka da aka yanke wa hukuncin shan guba a shekara ta 399 kafin haihuwar Almasihu. Kamar yadda almajirinsa Aflatun ya ba da labari, ya sha gubar hankalinsa kwance, har yana tsawata wa abokansa don suna kuka, saboda a wurinsa jiki kurkuku ne, mutuwa kuwa ita ce mai buɗe ƙofa. Ta biyu ita ce ta Yesu, wanda Linjila ta nuna shi cikin matsananciyar damuwa a lambun Gatsemani, yana roƙon almajiransa su zauna a faɗake tare da shi, yana addu'a ko za a ɗauke masa abin da ke tafe. Masu rubuta Linjila ba su ɓoye wannan ba, alhali da sun so su ƙawata ubangidansu da sun ɓoye. Haka kuma a Betanya, a bakin kabarin abokinsa Li'azaru wanda ya kwana huɗu a ciki, Yesu ya yi kuka, ko da yake bisa ga labarin ya san zai tashe shi nan take. Shi ya sa da Bulus ya rubuta wa mutanen Tasalonika waɗanda aka yi wa rasuwa bai hana su baƙin ciki ba, abin da ya hana shi ne baƙin ciki irin na wanda ba ya sa ran komai. Agustin, bishop na garin Hifo wanda yake Annaba ta Aljeriya a yau, ya faɗi da bakinsa cewa ya danne hawaye a jana'izar mahaifiyarsa Monika a 387, amma daga baya da ya keɓe sai da suka zubo.

Dalilin da ya sa mutuwa ta zama abokiyar gaba shi ne matsayin jiki. Littafin Farawa ya ce Allah ne ya yi jikin mutum kuma ya ga abin da ya yi yana da kyau, don haka rabuwar rai da jiki ɓarna ce ga aikin Allah. Idan kuwa ɓarna ce, gyaranta ba zai cika ba sai an mayar da mutum cikakke. A nan ne Kiristoci da yawa su kansu suke tuntuɓe, domin in ka tambayi mutum a ƙofar coci abin da yake jira bayan mutuwa, zai ce ransa ya tafi sama, ya tsaya nan. Koyarwar majami'a ta yarda cewa wanda ya mutu cikin bangaskiya yana hutawa a wurin Ubangiji, amma tana ɗaukar wannan a matsayin zangon jira. Ƙa'idar bangaskiya da aka tsara a Nikiya a 325 aka kammala a Kustantiniya a 381, wadda ake karantawa ranar Lahadi a coci-coci masu yawa, tana rufewa ne da sauraron tashin matattu da rayuwar zamani mai zuwa. Wannan magana ba ta yi wa mutanen wancan zamani daɗin ji ba. Ko a cikin Yahudawa, Farisiyawa ne suka yarda da tashin matattu, Sadukiyawa sun ƙi. Da Bulus ya yi wa'azi a Atina, masana sun saurare shi har ya zo kan wannan batu, daga nan wasu suka fara yi masa ba'a. Su ma masu tsananta wa Kiristoci sun gane inda begen yake. A shekara ta 177, bayan an kashe masu bi a birnin Liyon da ke Faransa ta yau, an ƙona gawawwakinsu aka watsa tokar a kogin Ron, da nufin a ga ta inda za su tashi.

Tambayar da masu watsa tokar suka yi ita ce har yau ta fi saurin zuwa bakin mutane. Wanda ya nutse a teku kifi ya cinye shi, ko wanda gobara ta ƙone, ko wanda ya zama ƙasa shekara dubu da suka wuce har itatuwa suka sha daga gare shi, da wane jiki zai tashi? Mutanen Koranti sun yi wa Bulus irin wannan tambaya, ya amsa musu da misalin shuka, misalin da duk manomi zai gane. Ƙwayar geron da aka binne a farkon damina ba ita ake tonowa da kaka ba; ta ruɓe, abin da ya fito kuma kara ne da zangarniya, bai yi kama da ita ba, amma gero ne, kuma daga ita wannan ƙwayar ya fito. Abin da Bulus yake nufi shi ne akwai ci gaba tsakanin jikin da aka binne da wanda za a tayar, akwai kuma sākewa: wanda aka binne mai ruɓewa ne, mai rauni, wanda za a tayar ba ya ruɓewa. Agustin ya zauna ya bi irin waɗannan tambayoyi ɗaya bayan ɗaya a kashi na 22 na littafinsa a kan birnin Allah, wanda ya kammala wajen 426, har da batun jarirai da masu naƙasa da waɗanda namun daji suka cinye, kuma jigon amsarsa shi ne babu abin da yake ɓata wa Mahaliccin da ya yi shi tun ba a san shi ba. Ilimin zamani ma ya rage wa tambayar kaifi ta wata fuska. Jajayen ƙwayoyin jini ba sa wuce kwana 120 kafin a maye gurbinsu, fata da bangon hanji suna sabuntawa kullum, amma ba wanda zai ce dattijon da ke gabansa ba shi ne yaron da aka haifa shekara 70 da suka wuce ba. Ashe kasancewar mutum shi ne shi bai rataya a kan riƙe ainihin ƙwayoyin da ya fara da su ba. Saboda irin wannan fahimta ne Cocin Katolika ya halatta ƙona gawa a 1963, ko da yake ya ci gaba da fifita binnewa, kuma a 2016 ya umarci a ajiye tokar a wuri mai tsarki maimakon a watsar.

Duk wannan bayani ne na yadda abin zai yiwu, bai zama hujjar cewa zai faru ba. Kirista bai kafa begensa a kan wata hujjar falsafa ba, ya kafa shi ne a kan wani al'amari da yake cewa ya auku a Urushalima a zamanin gwamna Buntus Bilatus, wanda ya yi mulkin Yahudiya daga shekara ta 26 zuwa 36. Bulus ya faɗi wannan ba tare da kwana-kwana ba a wasiƙarsa ta farko zuwa ga Korantiyawa, sura ta 15: in Almasihu bai tashi ba, wa'azin banza ne, bangaskiyar ma banza ce, masu bi kuma sun fi kowa zama abin tausayi. Wannan wasiƙa an rubuta ta wajen shekara ta 54, wato bayan aukuwar abin da shekara 20 da 'yan kai, kuma a cikinta Bulus ya ce abin da yake faɗa karɓa ya yi daga waɗanda suka riga shi. Ya lissafa waɗanda suka ce sun ga Yesu a raye: Bitrus, da sha biyun, da mutum fiye da 500 a lokaci guda waɗanda ya ce yawancinsu suna nan da rai, da Yakubu, da shi kansa daga ƙarshe. A nan ya kamata a faɗi abin da yawancin masu karatu suka sani. Musulmi da Kirista sun haɗu a kan cewa za a tayar da matattu da jikinsu a yi musu hisabi, kuma wannan ba ƙaramar haɗuwa ba ce a duniyar da mutane da yawa suke ganin kabari ne ƙarshen zance. Sun rabu ne a kan gicciye, domin Alƙur'ani a Suratun Nisa'i ya kore cewa an kashe Annabi Isa ko an gicciye shi, alhali a wurin Kirista mutuwarsa da tashinsa su ne tushen komai. Ba a yi wa kowane ɓangare adalci ba in aka lulluɓe wannan bambanci, kuma zaman lafiya tsakanin maƙwabta bai bukaci a lulluɓe shi ba.

Masu shakka daga ɓangaren masana tarihin Turai sun bi ta wata hanya daban. Sun yarda an gicciye shi, domin ko Tasitus, marubucin tarihin Roma wanda ba ya ƙaunar Kiristoci, ya rubuta wajen shekara ta 116 cewa an kashe Almasihu a hannun Bilatus zamanin sarki Tibariyas. Abin da suke cewa shi ne almajiran da baƙin ciki ya rufe ne suka yi ta ganin gizo, har suka ɗauka gaskiya ne. Wannan bayani yana da ƙarfinsa, don an san wanda aka yi wa rasuwa yakan ji kamar ya ga mamacin ko ya ji muryarsa. Sai dai mutanen wancan zamani ma sun san da wannan, kuma in ya faru abin da suke cewa shi ne sun ga fatalwa ko mamacin ya ziyarce su, wanda hakan tabbatar da mutuwarsa ne. Bai bayyana dalilin da ya sa Yahudawan da suke jiran tashin kowa da kowa a ranar ƙarshe za su ce mutum ɗaya ya riga ya tashi a tsakiyar zamani ba. Bai bayyana Bulus ba, wanda ba ya cikin masu makoki, hasali ma farautar masu bi yake yi. Akwai kuma batun mata. Linjila huɗun duka sun ce mata ne suka fara zuwa kabarin, Maryamu Magadaliya a gaba, a al'ummar da marubucinta Yusufus ya ce ba a karɓar shaidar mace a shari'a. Wani mai sukar addinin a ƙarni na 2, Kelsus, ya yi amfani da wannan ya yi ba'a cewa labarin ya faro ne daga wata mace mai taɓin hankali. Mai ƙaga labari don a yarda da shi ba zai zaɓi shaidun da za a raina ba. Sannan an yi wasu jagororin da jama'a suka ɗauka su ne masu ceto, irin su Bar Kokba wanda Romawa suka murƙushe a 135, kuma da suka mutu tafiyarsu ta watse, ba wanda ya ce sun tashi. Tafiyar Yesu kuwa ta ƙara ƙarfi, har mutanen da suka tashi cikin kiyaye Asabar suka mayar da Lahadi ranar taruwarsu. Hujjojin nan ba za su tilasta wa kowa ba da gaskiya ba. Wanda ya riga ya yanke, kamar masanin falsafa David Hume a 1748, cewa ko da yaushe kuskuren shaidu ya fi mu'ujiza yiwuwa, ba abin da zai motsa shi. Abin da suke nunawa shi ne Kirista yana da abin da zai aza a kan tebur a duba, kuma wanda ya ƙi bayaninsa shi ma akwai bashin bayani a kansa.

Suka mafi zafi ba daga tarihi take fitowa ba. Karl Marx ya kwatanta addini da abin sa maye a wani rubutu da ya fito a 1844, yana nufin ana lallashin talaka da alkawarin gobe don ya haƙura da zaluncin yau. A ƙasar nan, wadda matsakaicin tsawon rai a cikinta bai kai shekara 60 ba, wadda kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 ita kaɗai ta ɗauki fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka mutu wajen haihuwa a duniya, bai kamata mai bi ya yi saurin ture wannan suka ba. Sau nawa mace take rasuwa don babu jini a asibiti ko don hanya ta lalace, a zo zaman makoki a ce lokacinta ne ya yi, a yi waƙa a watse, ba wanda ya tambayi wanda ya cinye kuɗin aikin? In haka begen tashin matattu yake aiki, Marx ya yi gaskiya. Amma wannan karkatar da koyarwar ne, kuma tarihinta ya nuna inda take kai mutane in sun riƙe ta yadda take. Wanda ya gaskata cewa jiki kurkuku ne yana da uzurin yin sakaci da shi. Wanda ya gaskata cewa Allah zai tayar da wannan jikin ba shi da wannan uzuri. Lokacin annobar da ta mamaye daular Roma daga wajen shekara ta 250, mutane suna jefar da 'yan uwansu a titi suna gudu, Sifiriyan bishop na Kartaj ya tara jama'arsa ya ce su yi jinyar marasa lafiya har da waɗanda suke tsananta musu. Shi Sifiriyan ɗin, a ganina, ya wuce gona da iri da ya hana sa baƙaƙen tufafin makoki, amma a kan jinya bai yi kuskure ba. A 362 sarki Yuliyan, wanda ya bar addinin ya koma bautar allolin Roma, ya rubuta wa wani babban limaminsa yana ƙorafin cewa abin da yake haɓaka Kiristoci shi ne kyautata wa baƙi da kula da binne matattu, kuma suna ciyar da matalautan da ba nasu ba. Bayan 'yan shekaru Basil na Kaisariya ya gina wa marasa lafiya da kutare mazauni a bayan gari, wanda ake lissafa shi cikin asibitocin farko. Asibitin Vom a Filato da aka buɗe a 1922 da na Galmi a Nijar da aka buɗe a 1950 daga wannan jijiya suka fito. Kuma wanda ya daina ganin kabari a matsayin ƙarshe, azzalumi ya rasa babban makaminsa a kansa. A watan Fabrairun 1977 Akbishop Janani Luwum na Uganda da sauran bishop-bishop suka rubuta wa Idi Amin takardar ƙorafi a kan kashe-kashe da ɓatar da mutane, ya san abin da zai iya biyo baya, kuma cikin 'yan kwanaki aka kashe shi aka ce hatsarin mota ne. Shi kansa Bulus, da ya gama doguwar surarsa a kan tashin matattu, bai ce wa mutanen Koranti su naɗe hannu su jira ba. Ya ce su dage da aiki don wahalarsu ba za ta tafi a banza ba, daga nan ya shiga tsara yadda za a riƙa tara gudummawa kowace Lahadi domin matalautan Urushalima.

Inda Kiristocin ƙasar nan suka fi bukatar duba kansu shi ne yadda suke yin jana'iza. An kai matsayin da gawa takan yi wata da watanni a ɗakin ajiyar gawa ana jiran a gyara gida, a ɗinka anko, a sayi akwati mai tsada, a yanka shanu, iyali kuma su fito daga makoki da bashin da zai hana marayu zuwa makaranta. Abin ya yi yawa har jihar Anambra ta kafa doka a 2019 don taƙaita kashe kuɗi da tsawon ajiye gawa. Kiristocin Arewa suna da maƙwabta Musulmi da suke binne mamaci a ranar da ya rasu cikin likkafani, sarki da talaka iri ɗaya, kuma akwai abin koyi a wannan sauƙi. Girmama jiki wajibi ne ga mai jiran tashinsa, amma wanka da sutura da addu'a da kabari mai kyau sun cika wannan girmamawa. Abin da ya wuce haka yawanci gasa ce tsakanin masu rai. A ɗaya gefen kuma ga masu wa'azin da suke koya wa mutane cewa duk mutuwa aikin maƙiya ce, har ambaton ta ma rashin bangaskiya ne. Sakamakon haka magidanci ya ƙi rubuta wasiyya, ya rasu, dangi su kwashe gona da gida su bar gwauruwa da 'ya'ya a titi, wani lokaci ma a zarge ta da hannu a mutuwarsa. Ikilisiyar da take karanta sura ta 15 ta wasiƙar Korantiyawa a bakin kabari tana da ikon gyara wannan: ta sa iyaka ga kwanakin ajiye gawa da kuɗin da za a kashe, ta koya wa membobinta rubuta wasiyya tun suna da lafiya, ta bar masu makoki su yi kukansu ba tare da an tsawata musu ba, dattawanta da zumuntar mata kuma su tsaya tare da gwauruwa ranar rabon gado kamar yadda suka tsaya ranar binnewa.